Babu Ƙararrawa a Jami'a: Lacca ga Sababbin Ɗalibai



Shugaban taro, malamai abokan aikina, iyayen da suka samu halarta, da ku 'ya'yana sababbin ɗalibai, barkanku da war haka, kuma barkanku da samun gurbi. Na san irin wuyar da aka sha kafin a zo nan: jarrabawar JAMB, wasu ma ba sau ɗaya ba, sai ta tantancewa, sai zaman jiran suna ya fito, sannan fafutukar haɗa kuɗin rajista. Allah Ya sa albarka a cikin abin da aka zo nema.

An ce in yi magana a kan yadda ɗalibi zai tafiyar da lokacinsa. Ba zan tsaya ina gaya muku lokaci yana da tsada ba. Tun firamare kuke jin wannan, kuma bai taɓa hana kowa barci ba. Lissafi zan yi muku, in kun ga ya fita sai ku ɗauka.

A sakandare, musamman ku da kuka yi ta kwana, wani ne ke riƙe muku da agogo. Ƙararrawa ke tashinku, ita ke kai ku aji, ita ke kai ku ɗakin cin abinci, da dare kuma a kora ku firef ko kuna so ko ba kwa so. Wanda ya makara, ga firifet da dorina a bakin ƙofa. Shekara shida kuna cikin wannan, har wasunku suka ɗauka su masu tsari ne, alhali tsara su ake yi. To a nan babu ƙararrawa. In ka kwana har sha ɗaya na safe babu mai buga maka ƙofa. In ka yi sati biyu ba ka leƙa aji ba, malamin da ke gaban ɗalibai ɗari huɗu bai san an yi ba. Ranar da za a san da kai ita ce ranar da aka kafe sakamako a allo, kuma a ranar babu sauran gyara.

Ga yadda tsarin yake. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta gina karatun digiri a kan abin da ake kira yunit. Yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca kowane mako har mako 15. Ɗalibi yana ɗaukar yunit tsakanin 15 zuwa 24 a zango guda. Mako 15 ke nan a takarda. Amma duk wanda ya taɓa zama a jami'ar ƙasar nan ya san makonnin farko rajista ke cinye su: layin banki, layin sa hannu, neman ɗaki, neman inda ajin ma yake. Kafin ka natsu an fara maganar tes. Kafin ka gama mamakin tes an kafe jadawalin jarrabawa. Jami'o'i da dama kuma suna da dokar cewa sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a bar ka ka zauna jarrabawar kwas. Wani malamin ba ya bi ta kanta, wani kuwa yana riƙe da ita kam, kuma ba za ka gane wane ne wane ba sai ka faɗa hannu.

Yanzu ga lissafin da nake so ku rubuta. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke aiki da shi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Wanda ya faɗi sifili gare shi, kuma sifilin nan yana shiga lissafi. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga matsakaicin maki 4.50, mai daraja ta biyu babba kuma daga 3.50. To mu ɗauki ɗalibin da ke kwas na shekara huɗu, mu ce yawan yunit ɗinsa ɗaya ne kowace shekara. Ya yi wasa a aji ɗaya, ya fita da 2.00. In yana son ya gama da 3.50, dole ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, alhali kwasa-kwasan ƙara tauri suke yi. Daraja ta ɗaya kuwa ta wuce shi har abada, ko da A zai ci a kowane kwas har ya fita, domin lissafin zai tsaya ne a 4.25. Wanda ya fita aji ɗaya da 3.00 ma, sai ya ci A a komai, ba tare da ko B ɗaya ba, sannan ya taɓa 4.50 daidai wa daida.

Kun ga ke nan maganar da manyanku za su gaya muku a hostal, cewa aji ɗaya na hutawa ne, a bari sai an shiga aji biyu a dage, magana ce ta wanda bai iya lissafi ba, ko kuwa wanda yake neman abokin kuka. Aji ɗaya ne ya fi kowane sauƙin tara maki, domin rabin abin da za a koya muku kun taɓa jin ƙamshinsa a sakandare.

To ina lokacin yake tafiya? Mako yana da awa 168, na shugaban jami'a da naku duk ɗaya. Cire barcin awa bakwai kullum, 49 ke nan. Cire awa 20 na lacca. Cire awa huɗu kullum na salla, wanka, girki, cin abinci da wanki, 28. Cire awa 10 na zirga-zirga, saboda masu zuwa daga gida. Abin da ya rage awa 61. Sittin da ɗaya! Ma'aikacin gwamnati awa 40 yake yi a mako a biya shi albashi. Amma a tsakiyar zango in na tare ɗalibi na tambaye shi me ya hana shi karanta abin da aka ba shi, sai ya ce wallahi Malam babu lokaci. Kuma ba ƙarya yake yi ba, shi ma bai ga inda ya shiga ba.

Ni na ga inda yake shiga, domin tagar ofishina tana kallon wajen. Ku ɗauki ranar Talata. Kana da lacca ƙarfe takwas zuwa goma, ta gaba kuma sai biyu zuwa huɗu. Awa huɗu ke nan a tsakani. An fito ƙarfe goma, sai a tsaya a bakin aji ana mayar da yadda aka yi. Wani ya ce a je a karya. A tafi wajen mai awara ko mai ɗanwake, a ci a tsaye cikin minti goma, amma a zauna a kan benci minti arba'in. Daga nan sai gindin dalbejiya. Wani ya tayar da musun wasan jiya, wani ya ce cajinsa ya ƙare, a raka shi neman soket. Ka zaro waya don ka duba ko wakilin aji ya turo sanarwa, ka ɗago kai ka ga sha biyu da rabi. Sai ka ce ai yanzu ko na buɗe littafi ba abin da zan tsinta kafin azahar. A yi salla, a shiga aji. Da yamma in an tambaye ka sai ka ce tun safe kana makaranta, ka gaji tiɓis. Gaskiya ne, ka wuni a makaranta, amma awa huɗu kacal ka yi karatu, kuma wannan ɗin ma malami ne ya yi maka shi.

Wannan gibin na tsakanin lacca da lacca shi ne inda digiri yake gyaruwa ko ya lalace. In ka tara irinsa a mako za ka samu awa goma sha, da rana tsaka, ga haske ko an ɗauke wuta, ga laburare a buɗe, ga malamai a ofis, ga abin da aka koya maka bai huce ba. Ban ce kada ka karya ba, ban ce kada ka yi hira ba. Na ce kafin ka fito daga ɗaki da safe ka san inda za ka kai awa biyu daga cikin huɗun nan, da wurin da za ka zauna, da shafin da za ka buɗe. Wanda ya ce “zan yi karatu anjima” ba zai yi ba. Wanda ya ce “sha ɗaya zuwa ɗaya ina saman laburare, zan warware tambayoyi biyar na kwas kaza”, shi ne mai yi. Ga ɗaliban da jami'arsu ke da mazauni biyu, kamar Bayero mai tsohuwa da sabuwa, ko Ahmadu Bello mai Samaru da Kongo, lokacin jiran mota ma abin sakawa ne a lissafi.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a kan a duba darasi a ranar da aka yi shi. Wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a kan mantuwa a 1885. A kan kansa ya yi gwajin: yana haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Abin da ya gano shi ne mantuwa ba a hankali take tafiya ba. Mafi yawan zubewar a farko-farko take faruwa, a awoyi da kwanakin farko, sannan ta lafa. In kuma aka maimaita abu a rarrabe, ya fi zama fiye da a yi masa zama ɗaya. Ku da kuka yi makarantar allo ko Islamiyya ba ku bukatar Bature ya gaya muku wannan. Kun san abin da ke samun hadda in aka bar ta ba tilawa, kun kuma san ba a taɓa haddace izu a daren da za a kai shi. Abin mamaki, yaron da ya san wannan sarai a kan allonsa, da ya shigo jami'a sai ya tara handawut ɗin mako goma sha biyu ya ce zai shanye su a dare biyu.

Wannan ya kawo ni kan karatun kwana, wanda za ku ji ana kira TDB. Ku jira mako biyu kafin jarrabawa ku leƙa manyan ɗakunan lacca ƙarfe biyun dare. Za ku ga mutum ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa, ga goro a kunci, ga Nescafe a leda, ga maganin sauro yana hayaƙi a ƙarƙashin benci. Ya ɗaura rawani da tawul. Idonsa a kan layi ɗaya tun ƙarfe ɗaya. Na kusa da shi ya kifa kai a kan littafi, yawu ya jiƙa shafin. Da asuba su fito suna tangaɗi, ana yi musu kallon jarumai. Ƙarfe tara a raba takarda, ya ga tambaya, ya tabbata ya gan ta jiya, har ya tuna gefen shafin da take, amma abin da ke ciki ya ƙi zuwa. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka zuba mata da rana. Wanda ya hana ta barci ya hana ta ajiya. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ranar jarrabawa tun farkon zango aka san tana tafe.

Karatu adashi ne. Zubin yau ba ya cika ido, har ka ji kamar ba ka yi komai ba, amma ranar kwasa wanda ya zuba ne kawai ke miƙa hannu. Sai dai zubin ma akwai na gaske akwai na jeka-na-yi-ka. Maimaita karanta shafi har ya zame maka sananne ba shi ne sani ba. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya tun makon farko, ba makon ƙarshe ba. Ko ka samu abokinka ka yi masa bayani da Hausa. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Minti talatin na irin wannan ya fi awa biyu ta kallon takarda.

Wasunku za su je su zana jadawali mai kyau da jan biro da shuɗi, su manna a bango: 4:00 zuwa 4:30 kaza, 4:30 zuwa 5:15 kaza. Ba ya kai Laraba. Malami zai ɗage lacca, wani zai saka tasa ranar Asabar, za a ɗauke wuta, ruwa zai ƙare a hostal a tafi neman famfo. Jadawalin da aka ɗaure da minti, da an taɓa gefe ɗaya sai ya warware gaba ɗaya. Ku kuwa kuna da abin da ya fi shi ƙarfi. Yawancinku salloli biyar sun riga sun yanka muku yini gida-gida, kuma ba sa ɗagawa don wani malami ya yi tafiya. Ɗora aikinka a kansu: bayan asuba kwas mafi tauri, tsakanin azahar da la'asar in babu lacca aikin da aka bayar, bayan isha'i bitar abin da aka yi yau. In gida ɗaya ya rushe, na gaba yana nan. 'Yan'uwanmu Kirista ma kiran sallar nan yana shiga kunnenku ko ba ku nema ba, agogo ne kyauta.

A cikin gidajen nan babu kamar na bayan asuba. Hostal shiru, waya ba ta fara ƙara ba, kai bai ɗauki hayaniya ba. Musamman a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke mayar da ƙarfe biyu lokacin da ba a iya fahimtar komai, wanda ya rasa safiyarsa ya rasa yininsa. Sai dai safiya da dare ake sayenta. Ba za ka yi hira har ƙarfe ɗaya ba sannan ka ce za ka zauna da littafi ƙarfe shida.

Waya ba zan daɗe a kanta ba, don kun fi ni saninta. Abu ɗaya kawai: a cikin saitin kowace wayar zamani akwai inda take nuna awa nawa aka yi ana kallonta, da manhajar da ta ci kaso mafi yawa. Yau da dare kowa ya duba tasa, ba sai ya nuna wa kowa ba. Ya ɗauki lambar ya ninka sau bakwai, ya ajiye ta kusa da 61 ɗin nan. In za ka zauna karatu, wayar ta shiga jaka a kashe. Kifa ta a kan tebur bai wadatar ba, hannu ya san hanya.

Abin da ya fi waya wahala a wajenmu shi ne kunya. Mu mutane ne da ba mu iya cewa a'a ba, kuma a wurare da yawa wannan ado ne. Amma ga aboki ya shigo ɗaki ka buɗe littafi, ya zauna a bakin katifa, ba za ka iya cewa ya tashi ba. Ga ƙungiyar ɗaliban garinku, ga ta sashe, ga ta addini, ga masu neman ka raka su kamfe, kowa yana cewa ai minti goma ne. Ga bikin 'yar ajinku, kamu Alhamis, ɗaurin aure Juma'a, walima Asabar. Ban hana ku zumunci ba; wanda ya fita jami'a bai san kowa ba shi ma ya yi asara, kuma ƙungiya ɗaya da ka riƙe da gaske za ta koya maka abin da aji ba zai koya maka ba. Ɗaya na ce. Sauran kuwa ku koyi maganar da ba ta ɓata wa kowa: “Ina da abin yi yanzu, amma bayan la'asar ina nan.” Ba ka kore shi ba, ka ba shi lokaci. In kuma ɗakinka ya zama majalisa, kada ka yi faɗa da kowa, ɗauki littafinka ka bar musu ɗakin.

Iyaye da ke nan, ku gafarce ni, wannan taku ce. Yaron da ke zuwa daga gida, in ya ce yau ba shi da lacca, ba yana nufin ba shi da aiki ba. Kowace awa ta aji tana bukatar wata awar, ko biyu, ta zaman kansa. In duk ranar da ba lacca ta zama ranar aike, ranar kai Hajiya unguwa, ranar tsaron shago, to da hannunku kuke rage abin da kuka biya wa kuɗi. 'Ya'ya mata abin ya fi yi musu nauyi. Ta dawo ƙarfe shida ta tarar da tukunya tana jiranta, ƙanenta namiji kuwa yana ƙofar gida yana danna waya. A raba aikin. Matan aure da ke cikinku, da masu goyo, da masu sana'ar da da ita suke biyan kuɗin makaranta, ɗinki ne ko POS ko jiran shago a kasuwa, ku ba ku da awa 61, wataƙila 20 gare ku. Amma na sha ganin irinku sun wuce 'yan hostal, saboda wanda ya san awa biyu kacal gare shi ba ya wasa da su. Shawarata gare ku ita ce ku zauna da maigida, ko da mai shagon, tun yanzu, ku nuna masa jadawalin zango, a san makonnin tes da na jarrabawa kafin su zo. Kuma kada ku ɗauki yunit 24 don kawai an yarda a ɗauka.

Akwai lokacin da ba a hannunku yake ba. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata tara, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 ta sake yin wani na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ba na fatan ku ga irinsa, kuma ba yau ce ranar da za mu yi shari'ar wa ke da laifi ba. Abin da ya shafe ku shi ne abin da ke biyo baya: in an dawo, a guje ake tafiya don a cike gibi, zango ya tsuke, jarrabawa ta zo wa wanda ya rufe littafi tun ranar da aka tafi. Wanda ya tafi gida da kwasa-kwasansa, yana taɓawa ko awa ɗaya ce a rana, ya kuma koyi wata sana'a ko kwamfuta a sauran lokacin, shi yajin bai ci shi duka ba. Ku tuna kuma hukumar yi wa ƙasa hidima, wato NYSC, ba ta tura wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala. Wanda ya shigo da 'yan shekarunsa, yajin aiki ya ci ɗaya, kariyoba, wato maimaita kwas ɗin da ya faɗi, ta ƙara masa wata shekarar, sai ya ga abin ya zo masa wuya.

Sai azumi. Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka a zamanku na nan zai faɗo muku a tsakiyar zango, wata shekarar ma a cikin jarrabawa, kuma jami'a ba za ta rufe ba. Ku duba kalanda tun yanzu ku ga inda zai sauka. A watan, karatu mai nauyi ya koma bayan sahur zuwa hantsi, kafin ƙishi ya taso. Bayan la'asar a bar wa abin da ba ya bukatar tunani, kamar kwafar rubutu ko wanki. Duk babban aikin da aka ba ku wanda ranar miƙa shi ta faɗa goman ƙarshe, ku gama shi kafin a ga wata.

Kafin ƙarshen makon nan, kowa ya nemi malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu, ya kai masa takardar rajistar kwasa-kwasansa ya duba kafin a rufe. Duk shekara sai an samu wanda ya yi zango guda yana shiga ajin kwas ɗin da bai yi wa rajista ba, ko ya bar wanda yake dole a kansa, kuma ba ya ganewa sai sakamako ya fito. Shugaban taro, a nan zan dakata, in akwai masu tambaya bismillah.